Waiwaye: Yadda fina-finai marasa sauti suka iso faifan gida

Duk mai sayen faifan Blu-ray na fim ɗin da aka yi kafin 1930, sau da yawa abin da ya shigo hannunsa gyararre ne, an harhaɗo shi daga guntayen da suka tsira. Yawancin fina-finan ma ba su tsira ba. Wani rahoto da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa sauti da aka yi a ƙasar sun ɓace ƙurmus. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa. Yana kama wuta nan take, in ya daɗe kuma sai ya yi danƙo, daga baya ya koma gari. Gobarar rumbun ajiyar kamfanin Fox a 1937 kaɗai ta cinye mafi yawan tsofaffin fina-finansa.

Da kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje, an riƙa sayar da kwafe-kwafe dishi-dishi, 'yan wasa na ta sauri kamar ana korarsu. Laifin na majigi ne. Da hannu ake juya kyamara a da, sau da yawa hotuna 16 zuwa 20 a daƙiƙa guda, alhali fim mai sauti 24 yake bi. In aka juya tsohon fim a kan 24, tafiya sai ta koma gudu. Launi ma an zubar, domin da yawa ana rina zarensu ne, shuɗi alamar dare, ruwan ɗorawa alamar hasken fitila. Kwafin baƙi da fari yakan mayar da tsakar dare tsakar rana.

Metropolis, fim ɗin Jamus na darakta Fritz Lang, ya isa misali. An fara nuna shi a Balin a watan Janairun 1927 da tsawon kusan minti 153, ba da jimawa ba masu rarrabawa suka datse shi. A 1984 makaɗi Giorgio Moroder ya sake fitar da shi da kiɗan zamani. Gyaran 2001 ya kai kusan minti 124, inda babu hoto aka cike da rubutu. Sai a 2008 aka gano wani kwafi a kan ƙaramin zare mai faɗin milimita 16 a gidan adana fina-finai na Buenos Aires, a Ajantina, ɗauke da kusan minti 25 da aka fid da rai da su. Ya sha ƙarzuwa, gefen hoton kuma a yanke yake, shi ya sa har a faifan 2010 ido ke gane inda aka yi ɗori. Takardun kiɗan asali na Gottfried Huppertz sun taimaka wajen gane gurbin kowace fitowa. Wannan aiki ya cancanci kuɗin da ake biya, duk da tabon da ke jikinsa.

Kafin a saya, a duba bayan kwali: wace shekara aka yi gyaran, minti nawa ne, kiɗan wa aka ɗora. Fim ɗaya kan fito da tsawo uku ko huɗu a kasuwa. A lura da shiyya kuma. A tsarin Blu-ray Afirka na shiyyar B tare da Turai, Amurka na shiyyar A, don haka faifan Amurka da aka kulle don shiyyar A kaɗai ba zai yi a na'urar shiyyar B ba.