Shigar tsohon gida rajistar tarihi a Amurka ba ƙwace ba ne

A ƙananan garuruwan da ke bakin mashigin ruwan Erie (hanyar jiragen ruwa da aka haƙa) a jihar New York, irin su Palmyra da Medina da Brockport, har yanzu mutane na zaune a gidajen da aka gina bayan buɗe mashigin a 1825. Da zarar an ce za a sa unguwa cikin Rajistar Wuraren Tarihi ta Ƙasa, sai hankali ya tashi: wai ba ka isa ka sauya taga ba, wai sai ka buɗe wa 'yan yawon buɗe ido ƙofa, wai ba za ka iya sayarwa ba. Duk ba haka ba ne.

Rajistar ta samo asali ne daga dokar adana kayan tarihi ta 1966, kuma galibi ginin da ya kai shekara 50 ake dubawa. Mai gida da ke aiki da kuɗin aljihunsa, dokar tarayya ba ta hana shi fenti ko gyara ko sayarwa ba, kai, ko rushewa ma.

Sashe na 106 na wannan doka ne ke rikita mutane. Da hukumomin tarayya yake magana. Idan aiki ya shafi kuɗinsu ko izininsu, misali faɗaɗa titi, dole su duba illar da zai yi wa wurin tarihi, su tuntuɓi ofishin adana tarihi na jihar. Ko a nan ma shawara aka wajabta, ba a ce a fasa aikin ba. Ke nan sashen garkuwa ne ga mai gida, ba takunkumi ba.

Takunkumin gaske yana wurin hukumar gari. Idan gari ya kafa tasa dokar unguwar tarihi, to kafin a taɓa abin da ake gani daga titi sai an nemi takardar amincewa daga kwamiti. Wanda ya ƙi, ana iya tsayar masa da aiki ko a ci shi tara, gwargwadon dokar garin. Don haka kafin sayen gida, magatakardan gari za a tambaya, ba Washington ba. A nan ne nake ganin ana iya cutar talaka: tsohuwa mai rayuwa da fansho a ce sai ta sa tagar katako mai tsada, alhali sanyin hunturu na shigo mata ɗaki.

Jihar New York tana rage wa mai gidan da ke cikin rajistar haraji da kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara, idan shi ke zaune a ciki, gidan na unguwar da ta cancanta, kuma ya kashe aƙalla dala 5,000. Amma sai an amince da aikin kafin a fara. Rangwamen tarayya kuwa na gine-ginen haya da kasuwanci ne kawai.

Tun 1980, idan mafi yawan masu gidaje suka ƙi a rubuce, ba a sa unguwa a rajista. Wanda ya yi shiru ba a lissafa shi cikin masu ƙi, kuma a ganina wannan bai yi wa wanda wasiƙar sanarwa ba ta iske ba adalci.