Waiwaye: Yadda ɗan wuyan ƙarfe ya zama abin tattali a tiyatar kwatangwalo

A 1962, lokacin da likita John Charnley ya kammala tsara gaɓar kwatangwalo ta wucin gadi a asibitin Wrightington da ke Ingila, ƙwallon ƙarfen da sandar da ake cusawa cikin ƙashin cinya a haɗe suke, ƙira ɗaya. Idan ƙwallon ya lalace, sai dai a fid da sandar gaba ɗaya, a kankare simintin da ya riƙe ta. Ƙashi ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Daga shekarun 1980 aka koma raba su. Aka yi wa sandar ɗan wuya mai tsukewa, ana ɗora ƙwallon a buga shi ya kama tam. Dabarar ma aro ce daga maƙera: Stephen Morse ya fito da ita a shekarun 1860 don riƙe bakin injin huda ƙarfe. Aka samu sauƙi, domin yanzu idan robar ƙoƙon da ƙwallon ke juyawa a ciki ce ta cinye, likita zai canza ta da ƙwallon, ya bar sandar da ƙashi ya riga ya rungume.

To amma a nan gizo ke saƙar. Da zarar an cire tsohon ƙwallo, wuyan nan yana tsirara a tsakiyar wurin aiki, ƙarafan tiyata na shiga suna fita kusa da shi. Ƙarzuna ɗaya ta isa ta hana sabon ƙwallo zama daidai. Daga nan sai ɗan motsin da ido ba ya gani, sai tsatsa, sai ɓurɓushin ƙarafan kobalt da kuromiyam su shiga naman da ke kewaye su ɓata shi. Idan kuwa ƙwallon na tangaran ne, irin wanda Pierre Boutin ya fara sakawa a Faransa a 1970, yana iya tarwatsewa a kan wuya mai rauni. Shi ya sa ake yi wa ƙwallon tangaran 'yar riga ta titaniyam a ciki kafin a ɗora.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne arhar kariyar. Wani likitan kan yanko jikin sirinji ya zura wa wuyan, wani ya kifa masa ƙwallon gwaji na roba, sannan a tura shi gefe a ci gaba da aikin ƙoƙo. Kafin a buga sabon ƙwallo kuma, sai an wanke wuyan an tsane shi ƙaƙaf, don ɗigon jini ko kitse kan rage ƙarfin kamun.