Amsa-kuwwar Zuciyar Likita: Ma'anarta a Fannin Saikoanalisis

A fannin saikoanalisis, wato jinyar damuwar zuciya ta hanyar zance da saurare wadda Sigmund Freud ya kafa a birnin Biyana a ƙarshen ƙarni na 19, akwai wani al'amari da ba ya ɓacewa daga tarukan ƙara wa juna sani na masu wannan aiki, shi ne amsa-kuwwar zuciyar likita. Abin da ake nufi shi ne duk abin da ke motsawa a ran likita yayin da yake zaune da majinyacinsa: haushi, ko tausayin da ya wuce kima, ko gundura, ko tsoro, ko sha'awa, ko ma gyangyaɗin da ke kama shi ba gaira ba dalili duk lokacin da wani mutum guda ya fara magana. Likita a nan ya haɗa da masanin halayyar ɗan Adam da duk wanda aka horar don wannan jinya.

Kafin a fahimci wannan, sai an san abin da ke tayar da kuwwar. Majinyaci yakan ɗauko yadda yake ji game da mutanen da suka rene shi ya ɗora wa likita ba tare da ya sani ba. Wanda ya tashi a hannun uba mai zafi yana zuwa yana jiran tsawa, ko da kuwa likitan bai taɓa ɗaga masa murya ba, wadda kuma aka yi riƙonta a gidan da ba a damu da ita ba takan ɗauki kowane shiru na likita a matsayin wulaƙanci. Freud ya yi bayanin wannan a shekarar 1905, a labarin wata budurwa da ta katse jinyarta bayan mako goma sha ɗaya, inda ya ce bai gano abin da ta ɗora masa a kan lokaci ba.

A shekarar 1910, a taron Nuremberg da aka kafa ƙungiyar saikoanalisis ta duniya, Freud ya fito da batun abin da likita ke ji, kuma ya ɗauke shi a matsayin cikas da ya wajaba a gane a kuma shawo kansa, domin a ganinsa likita ba zai kai majinyaci inda shi kansa bai iya kaiwa a cikin zuciyarsa ba. Wannan tunani ne ya shiga tsarin horon da ya samo asali daga asibitin da Max Eitingon da Karl Abraham da Ernst Simmel suka buɗe a Balin a 1920, tsari mai rukuni uku: ɗalibi ya zauna a matsayin majinyaci a gaban wani gwani, ya halarci darussa, sannan ya yi jinyar mutane ƙarƙashin kulawar malami. A 1937 Freud ya ƙara da shawarar cewa likitan da ya riga ya ƙware ma ya riƙa komawa a yi masa nazari kamar duk bayan shekara biyar, ba tare da jin kunya ba.

Babban sauyi ya zo ne bayan yaƙin duniya na biyu. Donald Winnicott, likitan yara a Landan, ya rubuta a fili cewa likita na iya jin ƙiyayya ga majinyaci mai wuyar sha'ani, kuma gara ya san da ita a ransa da ya binne ta. Paula Heimann, a wata maƙala da aka buga a 1950, ta wuce nan, ta ce abin da likita ke ji kayan aiki ne na bincike, domin sau da yawa zuciyarsa takan riga tunaninsa gano halin da majinyaci yake ciki. A Ajantina kuma Heinrich Racker ya rarrabe shi gida biyu: wani lokaci likita yana jin abin da majinyacin kansa ke ji, wani lokaci kuma yakan tsinci kansa yana jin abin da mutanen da suka reni majinyacin suka ji game da shi. Misali, idan likita mai haƙuri ya ga yana ƙagara ya sallami wani saurayi kafin lokaci ya cika, mai yiwuwa an jawo shi ne ya tsaya a matsayin uban da bai taɓa samun lokacin yaron ba, kuma gane hakan zai ba shi damar faɗin abin da saurayin ya kasa furtawa.

A ganina nan ne fa'idar wannan fahimta take, nan ne kuma haɗarinta yake. Likitan da ya ji cewa abin da ke ransa saƙo ne daga majinyaci yana iya jingina masa kowace gajiya da kowane haushi nasa, alhali wataƙila matsalar daga gidansa ya taho da ita. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Mutum ba ya iya raba nasa da na majinyaci shi kaɗai, kuma takardar shaida ba ta kawar da wannan rauni, shi ya sa karatun masu wannan sana'a yake ci gaba har tsufa. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato likitan da bai kula da abin da ke ransa ba har ya kai ga ƙetare iyaka da wanda ya ba shi amanar sirrinsa.

Yadda ake wannan ci gaban karatu sananne ne. Likita yakan rubuta abin da ya gudana a zama guda dalla-dalla, abin da aka faɗa da abin da ya ji a lokacin, ya ɓoye sunan majinyaci da duk abin da zai sa a gane shi, sannan ya karanta a gaban malami ko ƙaramin rukunin abokan aiki. Michael Balint da matarsa Enid sun kai wannan hanya ga likitocin asibiti na gama-gari a cibiyar Tavistock da ke Landan a shekarun 1950, inda likitoci kaɗan ke haɗuwa a kai a kai, ɗaya ya ba da labari da ka, ba tare da duba takarda ba, game da majinyacin da ya tsaya masa a rai, sauran kuma su tattauna abin da ke tsakanin mutanen biyu maimakon maganin da za a rubuta. Har yau ana gudanar da irin waɗannan rukunoni da sunan Balint a ƙasashe da dama. Ma'aikatan da ke sauraron waɗanda rikici ya raba da gidajensu a Borno ko Difa, ko da ba su karanci saikoanalisis ba, suna buƙatar irin wannan zama, domin wanda yake wuni yana jin labarin kisa da gudun hijira yakan fara kauce wa wasu tambayoyi ko gaggauta ba da haƙuri, kuma abokin aiki ne yakan fara lura da hakan kafin shi.