Ɗinkin gida da gyaran kaya

Ɗinkin gida sana'a ce da mutum ke yi a ɗakinsa ko tsakar gida ba tare da ya kama shago ba, kuma a ƙasar Hausa yawanci matan aure ne ke yinta saboda tana tafiya da zaman gida, mace tana girki tana kula da yara kuma keke yana aiki. Kwastomomi dai mata ne 'yan unguwa da dangi, su shigo har ɗaki a auna su ba kunya, wanda hakan babban dalili ne da yasa da yawa suka fi son tela mace.

Jarin farko keke ne. Wanda yafi yawa a gidaje shine baƙin keken ƙafa na Butterfly ɗan Chana, sai Singer wanda Isaac Singer ya yiwa rajista a Amurka tun 1851, kuma har yanzu na ƙafa ake riƙewa don baya jiran wuta. Sai almakashi, tef, alli, zare, allura, zif, maɓalli da dutsen guga na gawayi. Wasu da kuɗin adashi suke siya, wasu iyaye ne ke sa musu cikin kayan ɗaki. A Kano atamfa da shadda da leshi daga Kantin Kwari ake ɗauko su, turmin atamfa ɗaya yadi 6 ne, yana fitar da riga da zani da ɗankwali.

Sabon ɗinki lokaci gareshi, azumi zuwa ƙaramar sallah, babbar sallah, sai anko da kayan lefe idan biki ya taso, a lokacin ne ake kwana akan keke kuma anan ake yawan saɓa alkawari idan an karɓi abinda yafi ƙarfi. Gyara kuwa baya yankewa, a rage riga, a buɗa wadda ta matse bayan haihuwa, a canza zif, a yi kalmasa, a yiwa yunifom ɗin yara faci, a gyara gwanjo ya zauna daidai jiki. Kuɗinsa kaɗan ne amma shi ke kawo na cefane kullum, kuma gaskiya yafi wuya fiye da yadda ake ɗauka don warware ɗinkin wani ba tare da an yaga yadi ba sai mai haƙuri.

Matsalar da tafi damun masu sana'ar itace bashi, 'yar uwa ta kawo ɗinki tace sai ƙarshen wata, shi yasa masu wayo ke karɓar kafin alƙalami su rubuta awo da ranar karɓa a littafi. Yanzu da yawa a status ɗin WhatsApp suke ɗora aikinsu, kuɗi kuma ta tiransifa.