Tattalin Ruwa da Tsaftar Ruwan Sha a Hannun Ƙananan Hukumomi

A ƙasashe da dama, ƙananan hukumomi da hukumomin birane ne ke da alhakin kai ruwan sha ga jama'a, tun daga madatsa ko rijiyar burtsatse har zuwa bakin famfo. Aikin ya haɗa da hana ɓarnar ruwa da kuma tabbatar da cewa wanda ake sha ba zai cutar ba.

A matatar ruwa, ana zuba alif domin laka ta dunƙule ta kwanta, a tace ruwan ta cikin yashi, sannan a sa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifod. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ake samu a bayan gida, ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Sai dai wata babbar matsalar tana kan hanya ne, cikin bututun da ke binne a ƙasa. Bututun da ya tsage yana zubar da ruwan da aka kashe kuɗi wajen tacewa. Abin da ya fi wannan muni yana faruwa ne idan aka ɗauke ruwa: ƙarfin da ke cikin bututun ya faɗi, sai tsagar nan ta riƙa zuƙo ƙazantar kwata ko ta masai. Da an dawo da ruwa, ƙazantar ce ke fara isa gidaje. Shi ya sa toshe yoyo yake rage asara, yake kuma kare lafiya, kodayake aiki ne da ba a cika yaba wa mai yinsa ba, tunda ido ba ya ganinsa.

Sauran matakan sun haɗa da sanya mita, hana zubar da shara kusa da tushen ruwa, da ƙayyade amfani lokacin fari. A 2018, birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, kuma hakan ya taimaka famfunan birnin ba su ƙafe ba.

Sakaci kuwa yana da tsada. A 2014 aka mayar da birnin Flint na Amurka kan ruwan kogin Flint ba tare da sa sinadarin hana cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututu, gubar dalma ta shiga abin shan mutane, har aka ga ta ƙaru a jinin yara ƙanana.