Bulla: Layar Yaran Rumawa

Bulla laya ce da yara maza na tsohuwar Roma ke ratayawa a wuya domin kariya daga kambun baka da miyagun iskoki. Yaron da aka haifa cikin 'yanci ne ke saka ta, ɗan bawa ba shi da wannan haƙƙi.

Siffa

Faifai biyu ne masu ɗan tudu ake haɗawa baki da baki, a bar fili a tsakiya, a yi musu hanci a sama inda igiya za ta ratsa. Masu hannu da shuni na zinariya suke ƙera wa 'ya'yansu, wasu na tagulla, talaka kuwa ya ɗinka ta fata. Masana ba su haɗu a kan abin da ake zubawa a ciki ba.

Tarihi

Galibi ana danganta asalinta ga Etruskawa, maƙwabtan Roma ta arewa. Marubuci Pliny ya ruwaito cewa Sarkin Roma Tarquinius Priscus, wanda ake jin ya yi mulki wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara rataya wa ɗansa bulla ta zinariya, bayan yaron ya kashe abokin gaba a fagen fama tun bai balaga ba. Daga nan, in ji shi, 'ya'yan manya suka ɗauka.

Ana rataya wa jariri ita ne a ranar suna, kwana na tara da haihuwa. Tana wuyansa har ya kai wajen shekara 14 zuwa 17, lokacin da zai tuɓe rigar ƙuruciya mai jan gefe ya sa farar rigar manya. Sau da yawa ana yin haka a bikin Liberalia, ranar 17 ga Maris. A ranar yakan cire layar ya miƙa ta ga Lares, allolin gidansu. An tono irin waɗannan layu na zinariya a Pompeii, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekarar 79 bayan haihuwar Annabi Isa, kuma ana ganinsu a wuyan yaran da aka sassaƙa a jikin Ara Pacis, wani tsohon wurin yin hadaya a Roma.

'Yan mata an fi saninsu da lunula, mai siffar jinjirin wata.

A yau

A makarantun firamare da gidajen tarihi, musamman a Ingila, yara kan yi kwaikwayonta a darasin tarihin Roma: su yanka kwali biyu zagayayyu, su shafa musu fenti ruwan zinariya, su sa 'yar takardar fatan alheri a tsakani, su manne, su zura zare.