Aikin injiniyan sinadarai bai tsaya a matatar mai ba

An daɗe ana cewa wanda ya karanta injiniyancin sinadarai a jami'a ba shi da wurin aiki sai matatar mai, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda harkar fetur ce ta fi suna a Najeriya. Sai dai karatun sashen ya fi haka faɗi, domin ɗalibi yana koyon lissafin kayan da ke shiga injin masana'anta da waɗanda ke fita, da yadda zafi ke ratsa bututu, da hanyoyin tace abubuwa. Da wannan ilimin ake gasa farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450 don yin siminti, ake samar da takin yuriya daga iskar gas, ake tatsar man gyaɗa, ake kuma tsabtace ruwan famfo da alif da kulorin.

Mai son tabbatarwa ya duba jerin darussan sashen da kundayen binciken 'yan ajin ƙarshe, ko ya tambayi ɗalibai masana'antun da suka je horon sanin makamar aiki. Don Allah a tura wannan bayani ga iyaye da ɗaliban sakandare.